Tarihin Sama'i: Daga Majalisin Junaidu Zuwa Bandirin Kano

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya nufo taro irin wannan, abin da zai fara tarbarsa tun kafin ya iso fili shi ne sauti: muryoyin sha'irai, da amon hailala, da kuma dukan bandiri a zawiyoyin da suke amfani da shi. Sauraron irin wannan sauti domin neman kusanci ga Allah shi ne sufaye suke kira sama'i. Tarihinsa ya haura shekara dubu, kuma ya ratsa ƙasashen Larabawa da Farisa da Turkiyya da Indiya da Magarib kafin ya sauka ƙasar Hausa. A kowace ƙasa ya sauya harshe, ya sauya kayan aiki. Abin da ya tsare shi duk tsawon wannan tafiya shi ne sharuɗɗan da magabata suka gindaya masa. Duk inda aka saki sharuɗɗan nan, sautin yakan ci gaba da tashi, amma abin da aka taru dominsa ya riga ya tafi.

Tushe a Madina da Bagadaza

Hadisai ingantattu sun nuna cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) ana rera baitoci a gabansa. Hassanu ɗan Sabitu yana da wurin tsayuwa a cikin masallaci inda yake kare Musulunci da waƙa, Ka'abu ɗan Zuhairu kuma ya sami kyautar mayafi saboda ƙasidar yabo. An ruwaito labarin 'yan mata biyu da suke waƙa a ɗakin Nana A'isha (RA) ranar Idi, da na Habashawa masu wasa da māsu a masallaci, da yabon da Manzon Allah (SAW) ya yi wa muryar Abu Musal Ash'ari, inda ya kamanta ta da irin baiwar da aka ba Annabi Dawuda (AS). A kan waɗannan ruwayoyi, da wasu da suka zo da gargaɗi game da kayan kiɗa, malamai suka gina saɓanin da har yau bai ƙare ba.

A ƙarni na uku na Hijira ne sama'i ya zama majalisi mai tsari a tsakanin sufayen Bagadaza. Tun a lokacin aka sami masu suka, domin Ibnu Abid Dunya, wanda ya rasu a 894 Miladiyya, ya wallafa littafi sukutum a kan zargin kayan wasa da kiɗa. Shugaban jama'ar sufaye, Imamu Junaidu (ya rasu a 298 Hijira, 910 Miladiyya), shi ne aka jingina wa ƙa'idar da ta zama ma'aunin wannan fage. A wurinsa sama'i yana bukatar abu uku: lokaci, da wuri, da 'yan'uwa. Lokaci shi ne sa'ar da zuciya ba ta rataye da salla mai jira ko abinci ko wata hidima ba. Wuri shi ne inda ya tsarkaka daga hayaniya da abin da ke ɗauke hankali. 'Yan'uwa kuwa su ne abokan zama masu manufa ɗaya, babu mai inkari a cikinsu, babu mai riya da ke ƙaƙalo shauƙin ƙarya. An kuma ruwaito cewa a ƙarshen rayuwarsa Junaidu yakan zauna cikin majalisin sama'i ko motsi ba ya yi, yana nuna wa almajirai cewa motsin da ake nema na zuciya ne.

Manyan littattafan sufanci na farko, irin su Luma'u na Sarraju da Risala ta Ƙushairi, kowanne ya ware babi ga wannan mas'ala. Amma wanda ya fi kowa warware ta shi ne Imamu Gazali (ya rasu a 505 Hijira, 1111 Miladiyya), a littafi na 18 cikin littattafai 40 na Ihya'u Ulumid Din. Ya kawo misalin raƙumi, wanda duk da kaurin ɗabi'arsa yakan manta nauyin kaya ya ƙara sauri idan mai kora ya rera masa waƙa. Ya bayyana cewa sauti ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, abin da ke kwance a ciki yake tayarwa. Saboda haka ya kasa hukuncin gida huɗu gwargwadon halin mai sauraro: haramun ga wanda sha'awa ta rinjaye shi, makaruhi ga wanda ya mayar da shi abin kashe lokaci, halas ga mai jin daɗin murya kawai, mustahabbi ga wanda son Allah ya cika zuciyarsa. Ya halatta tambari da duffi, wato gangar hannu mai fuska ɗaya, ya hana kayan tsirkiya da wasu na busa saboda alama ce ta mashaya giya a zamaninsa. Wannan bai rufe bakin masu suka ba. Ibnul Jauzi da Ibnu Taimiyya sun tsananta inkari daga baya, sai dai yawancin ɓarnar da suka lissafa, kamar cakuɗuwa da ɓata salla da shauƙin ƙarya, shehunan sufaye sun riga su yin gargaɗi a kanta.

Damuwar da ta game al'ummai

Wannan fargaba ta kada daɗin sauti ya rinjayi ma'ana ta bayyana a wasu addinai ma. Bayan rushe babban wurin ibadar Yahudawa a Baitul Maƙdisi a shekara ta 70 Miladiyya, malamansu sun bar kayan kiɗa a wuraren ibada, in ban da ƙahon da ake busawa a wasu ranaku. Agustin, babban malamin Kirista ɗan ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya mutu a 430, ya rubuta cewa waƙoƙin coci sun taɓa sa shi kuka, amma yana ganin laifin kansa duk sa'ad da karin ya fi kalmomin taɓa shi. A shekarun 1520 malamin nan Zuwingili ya fitar da kiɗa daga majami'un birnin Zurik baki ɗaya. A Habasha kuwa, cocin ƙasar ya riƙe tsarin rerawa da ake jingina wa Yared na ƙarni na 6, ana yin sa da ganga da sanda da ƙarfen kacau-kacau, kuma ɗalibi yakan shafe shekaru gaban malami kafin a ba shi izini.

A Amurka, bayin da aka kwaso daga Afirka sun ƙago waƙoƙin addu'a da suke rerawa a gonaki da ɗakunan ibadarsu. A 1871 ɗaliban Jami'ar Fisk suka fara rera su a dandamali domin tara wa makarantarsu kuɗi, har suka kai gaban Sarauniya Biktoriya a 1873. Da farko ɗaliban sun yi nauyin baki, domin suna ganin waƙoƙin abin tsarki ne na iyayensu, ba na nuna wa baƙi ba. Tambayar da ta dame su ita ce ta Junaidu: me yake saura idan aka sauya wuri, aka sauya masu sauraro?

Sarewar Konya

Maulana Jalaluddin Rumi, wanda aka haifa a 1207, malamin fiƙihu ne mai karantarwa a birnin Konya na ƙasar Turkiyya ta yau, har zuwa 1244 da ya haɗu da Shamsuddin na Tabriz. Daga nan rayuwarsa ta juya zuwa ga waƙa da sama'i. Babban littafinsa, Masnawi, mai juzu'i 6 da baitoci kusan 25,000, ya buɗe ne da kukan sarewar kara, wadda aka yanko daga fadama take ta begen inda ta fito, misalin ruhin ɗan Adam da ke begen Ubangijinsa. Ya rasu ranar 17 ga Disamba, 1273, ɗansa Sultan Walad kuma shi ya tsara ɗarikar Maulawiyya.

A hankali sama'in Maulawiyya ya sami siffar da aka san shi da ita. Muridi yana sa doguwar hula mai nuni da dutsen kabari, da farar riga mai nuni da likkafani, da baƙar alkyabba mai nuni da kabarin kansa. Idan ya tuɓe alkyabbar sai ya shiga juyawa, tafin dama na kallon sama, na hagu na kallon ƙasa, a cikin zagaye huɗu, ana rufewa da karatun Alƙur'ani. Amma kafin a kira mutum cikakken darwishi sai ya yi hidimar kwana 1001 a zawiya, yawancinta a madafa. Zawiyoyin nan su ne suka zama makarantun kiɗan daular Usmaniyya, har Sarkin Musulmi Salim na Uku ya kasance muridinsu.

Ranar 30 ga Nuwamba, 1925, gwamnatin Mustafa Kamal ta kafa dokar da ta rufe dukkan zawiyoyi da ƙubbobin waliyyai a Turkiyya. Zawiyar Maulana ta koma gidan tarihi. A shekarun 1950 hukuma ta yarda a dawo da juyin a Konya cikin watan Disamba, bisa sharaɗin a ɗauke shi a matsayin bikin al'ada. Daga nan ya shiga zauren wasanni, ya shiga otal-otal na Santambul inda ake taƙaita shi domin 'yan yawon buɗe ido. A 2005 hukumar UNESCO ta ayyana shi cikin kayan gadon ɗan Adam. Hular tana nan, rigar tana nan, sarewar ma tana nan, amma madafar da ake dafa muridi a cikinta kwana 1001 ba ta dawo ba. Tsirarun da suka riƙe asalin abin sun riƙe shi ne a gidaje, hannu da hannu, daga shehi zuwa almajiri.

Ƙawwali a ƙasar Indiya

A Indiya ɗarikar Cishtiyya ce ta rungumi sama'i, tun daga Shehu Mu'inuddin Cishti wanda kabarinsa ke Ajmer. Littattafan ɗarikar sun ruwaito cewa halifansa, Ƙuɗubuddin Bakhtiyar Kaki, ya rasu a 1235 bayan ya shafe kwanaki cikin jazaba saboda baiti ɗaya da ya ji a majalisi. A zamanin Shehu Nizamuddin Auliya na Delhi al'amarin ya kai gaban hukuma. Sarki Giyasuddin Tugluƙ ya tara malaman fiƙihu domin su yi muƙabala da shi, shehin ya kafa hujja da hadisai, aka tashi ba tare da an hana shi ba. Shi kansa Nizamuddin mai tsanani ne a kan sharuɗɗa: mai rerawa ya zama baligi, kalmomin su tsarkaka daga batsa da wargi, mai sauraro ya saurara da tunanin Allah, kuma kada a shigo da kayan tsirkiya. Almajirinsa Amir Khusrau, wanda ake jingina wa asalin salon ƙawwali, ya haɗa Farisanci da harshen mutanen ƙasa, ta yadda manomi da malami za su zauna a tabarma ɗaya kowa ya sami rabonsa. Su biyun sun rasu a 1325, an binne su kusa da juna.

Ladubban majalisin ƙawwali suna da ban sha'awa. Ana buɗewa da Alƙur'ani, a rufe da shi. Shehi ne shugaban zama. Wanda zai yi kyauta yakan miƙa ta ga shehi, daga hannunsa take isa ga mawaƙa. Idan hali ya kama wani, mawaƙa sukan tsaya a kan baitin da ya taɓa shi su yi ta maimaitawa, jama'a su miƙe tsaye domin girmama halin, har ya sauka. A ƙarni na 20 Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan (1948 zuwa 1997) ya kai ƙawwali manyan dandamalin Turai da Amurka, dubban mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya suka yi ta tafi. Ya sanar da duniya wannan taska, sai dai a dandamali mawaƙi ne shugaba, tikiti ne izinin shiga. Ta ɗaya gefen kuma masu tsattsauran ra'ayi sun mayar da inkari zubar da jini: an harbe mawaƙi Amjad Sabri a Karaci cikin Ramadan na 2016, a Fabrairun 2017 kuma bam ya kashe fiye da mutum 80 a ƙubbar Lal Shahbaz Ƙalandar ana tsakiyar zikiri da ganguna.

Daga Magarib zuwa ƙasar Hausa

Kafin bandiri ya iso, murya ce ta fara zama a ƙasar Hausa. Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, da Burda ta Busiri, da Dala'ilul Khairati na Jazuli, sun daɗe ana rera su a zaure da masallaci, musamman a watan Mauludi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817), wanda jama'arsa suke kiran kansu Ƙadirawa, ya fahimci ƙarfin karin murya, shi ya sa ya zuba wa'azi cikin waƙoƙin Fulatanci domin makiyayi da matan gida su haddace. 'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta ɗora a kai, ta tura jajis ƙauyuka ɗauke da waƙoƙi domin karantar da 'Yan Taru. Game da kayan kiɗa kuwa, Shehu ya soki kaɗe-kaɗen banza na fadojin sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, sa'annan a Najmul Ikhwan ya kawo saɓanin malamai a kan mas'alar, yana jan kunne game da gaggawar inkari a abin da malamai suka saɓa. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya fi shi tsanantawa, kuma hakan bai raba zumuncinsu ba.

Sunan bandiri kansa ya nuna hanyar da ya biyo, domin haka mutanen Magarib suke kiran gangar hannu mai faɗi. A Libiya an san Shehu Abdussalam Al'asmar na Zilitin, na ƙarni na 16, da yin zikiri da ita. Fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas da suka zauna a Kano sun zo da ɗarikunsu, a zawiyoyinsu aka fara jin wannan sauti a birni. Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ne ya fito da shi sarari. Ya haɗa rassan Ƙadiriyya wuri ɗaya, ya ziyarci Bagadaza a 1953, ya kuma kafa Maukibi a farkon shekarun 1950 domin tunawa da Sidi Abdulƙadir Jilani (ya rasu a 561 Hijira, 1166 Miladiyya) cikin watan Rabi'us Sani. Da bandiri da zikirin anfasu ya jawo matasa da 'yan kasuwa da masu sana'a cikin halƙa. Bai sami abin a ruwan sanyi ba, domin wasu malamai har a cikin Ƙadiriyya sun yi ɗari-ɗari, daga baya kuma Shehu Abubakar Gumi da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 suka mayar da bandiri ɗaya daga cikin manyan abubuwan sukarsu. Har ya rasu a 1996 bai janye ba.

Tijjaniyya ta bi wata hanyar. Wazifa da zikirin Juma'a da murya kaɗai ake yin su, diwanan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900 zuwa 1975) kuma su ne suka cika bakin zakirai daga Senegal har Sudan. Muridan Shehu Ahmadu Bamba a Tuba suna rera ƙasidunsa cikin rukuni, yayin da Ƙadirawan Senegal suke da manyan tambura da suke kira tabala. A Omdurman, an daɗe ana kafa halƙa da ganguna kowace Juma'a da yamma a ƙubbar Shehu Hamadun Nil. Waɗannan duka 'ya'yan gida ɗaya ne, kowa da irin kayan da shehinsa ya yi masa izini.

Jarrabawar wannan zamani

Daga ƙarshen shekarun 1980 wasu matasan sha'irai a Kano suka fara ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora musu yabon Manzon Allah (SAW), suna sayarwa a kaset. Hujjarsu ita ce janye matasa daga waƙar soyayya zuwa bege. Masu suka kuma suka ce mai sauraro zai riƙa tuno fim ɗin da ya san karin da shi. A shekarun 2000 fiyano ya shigo, bege ya koma ɗakin ɗaukar sauti, yau kuma yana cikin wayar kowa. Alherin wannan a fili yake, domin yabo ya isa inda ƙafar sha'iri ba ta taɓa takawa ba. Amma waya ba ta san lokacin salla ba, ba ta zaɓen wuri, ba ta tantance abokin zama. Babu shehi a gefe da zai tsayar da sha'iri idan baiti ya wuce gona da iri, kuma kowa ya ga irin fitinar da baiti ɗaya marar linzami yake iya jawo wa ɗarika baki ɗaya.

Abin da ya sami Konya ya zo ne da dokar hukuma, amma ana iya rasa sharuɗɗan nan ba tare da wata doka ba, ta hanyar sakaci kawai. Sharuɗɗan Junaidu kuwa har yanzu suna hannun zawiya. Muƙaddami yana iya tsayar da majalisi idan lokacin salla ya yi. Sha'iri yana iya kai baitinsa gaban malami ya duba kafin ya kai shi gaban na'ura. Mai liƙi yana iya tambayar zuciyarsa ko don Allah yake yi ko don a gani. Yaron da aka miƙa wa bandiri yana da haƙƙin a fara koya masa alwala da farillan salla da ladabin zama gaban manya, kamar yadda darwishin Konya yake farawa daga madafa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma gidan sama'i shi ne halƙar zikiri a ƙarƙashin idon shehi.

Allah Ya jiƙan magabata da suka riƙe wannan amana, Ya ƙara wa shehunai lafiya da basira, Ya tsarkake niyyar masu rerawa da masu sauraro, Ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.